PSI ko bar: Lissafin iskar taya da ya kamata direba ya sani

Fashewar taya na daga cikin abubuwan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ke lissafawa kowace shekara a jerin musabbabin haɗurran mota a ƙasar. Gudun wuce sa'a da lodin da ya wuce kima da tsufan taya duk suna da nasu kason, to amma akwai wani dalilin da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato rashin sanin adadin iskar da ta dace da taya, da kuma ma'aunin da aka rubuta adadin da shi.

A garin Bici, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, matsalar a fili take. Motocin haya ƙirar Golf da Sharon da suka fito daga Turai, da motocin gida da aka sayo daga Amurka, da bas-bas ƙirar Hiace na Japan, da baburan Indiya da na China, da taraktocin noma, dukkansu a wurin mai faci ɗaya suke shan iska, kuma da geji ɗaya ake auna su.

Sai dai masana'antun da suka ƙera su ba da ma'auni ɗaya suka rubuta umarninsu ba. Wata motar an rubuta mata 2.2, wata 32, wata kuma 220. Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa adadi uku ne daban-daban, alhali kuwa iska ɗaya ce aka faɗa da harsuna uku.

Abin da geji ke aunawa

Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗauke da mota. Aikin roba da wayoyin da ke cikinta shi ne su tsare iskar, su kuma riƙe titi.

Idan aka dura iska a taya, iskar kan riƙa tura bangon tayar daga ciki ta kowace fuska. Ƙarfin wannan turi a kan kowane ɗan fili na bangon shi ake kira matsin iska, kuma shi ne geji ke nunawa.

Misali, motar da nauyinta ya kai kilo 1,200 tana ɗora wa kowace taya kimanin kilo 300. Idan iskar tana tura kowane murabba'in santimita da ƙarfin kilo 2.2, to a ƙiyasce tayar za ta taɓa ƙasa da fili mai murabba'in santimita 136, wato kwatankwacin tafin hannun babban mutum. Idan matsin ya ragu zuwa kilo 1.5, dole tayar ta ƙara bajewa har filin ya kai murabba'in santimita 200 kafin ta iya ɗaukar nauyin. Wannan bajewa ita ce tushen yawancin illolin ƙarancin iska.

Wani abin lura shi ne geji ba ya auna dukkan iskar da ke cikin taya. Yana auna ratar da ke tsakanin matsin ciki da matsin iskar sararin da ke kewaye da mutane. Shi ya sa tayar da ta sace take nuna sifili, ko da yake akwai iska a cikinta daidai da ta waje.

Ma'aunai huɗu da asalinsu

Ma'auni na farko, wanda ya fi shahara a Najeriya, shi ne PSI. Ma'anarsa nauyin laba a kan kowane murabba'in inci. Laba ɗaya giram 454 ce, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Ke nan idan geji ya nuna PSI 30, iskar tana tura kowane fili mai girman kan sarki na wasiƙa da ƙarfin kusan kilo 13.6. Awon Ingilishi ne da Najeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka, kuma har yanzu shi ne Amurka ke amfani da shi a harkokin yau da kullum.

Na biyu shi ne bar, wanda aka samo sunansa daga kalmar Girkanci mai nufin nauyi. Masanin yanayi ɗan ƙasar Norway, Vilhelm Bjerknes, shi ne ya gabatar da shi a farkon ƙarni na 20. Bar ɗaya ya yi kusan daidai da matsin iskar sarari a bakin teku, wanda yake bar 1.013. Shi ne ma'aunin da aka fi gani a motocin Jamus da Faransa da sauran ƙasashen Turai.

Na uku shi ne kilofaskal, wanda ake rubutawa kPa. An ba shi sunan Blaise Pascal, masanin lissafi ɗan Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662. A shekarar 1648 ya sa surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme da ma'aunin iska, inda aka tabbatar cewa matsin iska na raguwa gwargwadon yadda mutum ke hawa sama. A shekarar 1971 ne babban taron duniya kan awo da ma'auni ya amince da faskal a matsayin ma'aunin matsi na ƙasa da ƙasa. Kilofaskal ɗaya faskal 1,000 ne.

Na huɗu shi ne kilo a kan murabba'in santimita, wanda ake rubutawa kg/cm² ko kgf/cm². Tsohon awo ne da ake tararwa a tsofaffin motocin Japan da kuma littattafan baburan Indiya. Bambancinsa da bar kashi 2 ne kacal cikin 100.

Ita kanta tayar iska, Robert William Thomson ɗan Scotland ne ya fara yi mata rajista a 1845, amma ba ta karɓu ba sai bayan da John Boyd Dunlop ya sake ƙirƙiro ta a birnin Belfast a 1888 domin keken ɗansa. Gejin mai allura kuwa, wanda yawancin masu faci ke riƙewa, ya samo asali ne daga ƙirar da Eugène Bourdon ya yi wa rajista a Faransa a 1849.

Yadda suka haɗu a wuri guda

Najeriya ta koma awon mita da kilo da lita a shekarun 1970, to amma harkar taya ba ta bi sahu ba. Har gobe da inci ake faɗin girman rim, kuma idan direba ya ce a sa wa tayarsa talatin ko arba'in, PSI yake nufi, ko da bai taɓa jin sunan ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, yawancin motocin da ke zirga-zirga a ƙasar na hannu ne da aka shigo da su daga ƙetare, kowace da takardar umarnin ƙasar da aka fara sayar da ita. Tayoyin ma haka. Tun bayan da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kasuwar ta dogara ne kan tayoyin da ake shigowa da su daga China da sauran ƙasashen duniya. Hatta gejin da ake aunawa da shi daga waje yake zuwa, wani da layin lamba ɗaya, wani biyu, wani uku.

A yanki irin na Bici, inda gonaki suka haɗe da juna tun daga bakin gari har zuwa iyakokin Tsanyawa da Bagwai da Dawakin Tofa, abin hawa ba na alfarma ba ne. Da shi ake kai taki gona, da shi ake kwaso gero da dawa da gyaɗa da wake zuwa kasuwar Dawanau, da shi ake kai tumatir da albasar noman rani kasuwar Badume, da shi kuma ake garzayawa da mai naƙuda asibiti. Tayar da ta fashe a hanya na iya jawo asarar kwandunan tumatir na shekara guda, ko abin da ya fi haka muni.

Lissafin a sauƙaƙe

Ƙa'idoji uku ne ginshiƙin lissafin baki ɗaya. Bar 1 daidai yake da kilofaskal 100. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5. Kilo 1 a kan murabba'in santimita daidai yake da PSI 14.2.

Domin juya bar zuwa PSI, sai a ninka da 14.5. Motar da aka rubuta mata bar 2.2 tana buƙatar 2.2 sau 14.5, wato 31.9, wanda a aikace PSI 32 ne.

Domin juya PSI zuwa bar, sai a raba da 14.5. PSI 35 idan aka raba shi zai ba da bar 2.4.

Domin juya kilofaskal zuwa bar, sai a raba da 100. Kilofaskal 230 shi ne bar 2.3, wanda kuma idan aka ninka da 14.5 zai zama PSI 33.

Domin juya kg/cm² zuwa PSI, sai a ninka da 14.2. Baburin da aka rubuta wa tayarsa ta baya 2.0 yana buƙatar PSI 28.

Ga wanda babu waya ko na'urar lissafi a hannunsa, akwai hanyoyi biyu na lissafin ka. Ta farko, a ninka adadin bar da 15, sannan a cire rabin adadin bar ɗin. Bar 2.4 sau 15 ya zama 36, a cire 1.2, saura 34.8, wato PSI 35. Ta biyu, tsakanin PSI da kilofaskal a yi amfani da lamba 7. PSI 30 sau 7 ya zama kilofaskal 210, ainihin amsar kuwa 207 ce, saɓanin da bai kai ya yi wa taya illa ba.

Adadin da aka fi cin karo da su kuwa su ne kamar haka:

Bar 1.8, kilofaskal 180, PSI 26
Bar 2.0, kilofaskal 200, PSI 29
Bar 2.2, kilofaskal 220, PSI 32
Bar 2.4, kilofaskal 240, PSI 35
Bar 2.5, kilofaskal 250, PSI 36
Bar 2.8, kilofaskal 280, PSI 41
Bar 3.0, kilofaskal 300, PSI 44
Bar 3.5, kilofaskal 350, PSI 51
Bar 7.0, kilofaskal 700, PSI 102
Bar 8.0, kilofaskal 800, PSI 116

Inda ake yin kuskure

Kuskure mafi sauƙin aukuwa shi ne ɗaukar cewa ɗigon da ke tsakanin lambobi ne kawai bambancin ma'aunan biyu. Mutum ya ga 2.2 a jikin motarsa, sai ya ce a sa mata 22 a gejin PSI. A nan tayar ta yi giɓin PSI 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar da take buƙata.

Akasin haka ma na faruwa. Geji mai layi biyu yakan nuna PSI a layi ɗaya, bar a ɗayan. Wanda aka ce ya sa 30, idan idonsa ya sauka a kan lamba 3 ta layin bar, zai dura PSI 44 a tayar da ke buƙatar 30.

A ƙananan motoci, girman lambar kan nuna ma'auninta. Idan tsakanin 1 da 4 take, bar ne ko kg/cm². Idan tsakanin 25 da 50 take, PSI ne. Idan ta kai ɗaruruwa, kilofaskal ne.

To amma wannan dabara ba ta aiki a manyan motoci da injunan noma, kuma a nan ne hatsarin ya fi girma. Tayar tirela ko gingimari takan sha PSI 100 zuwa 120. Babbar tayar tarakta ta baya kuwa galibi ba ta wuce PSI 12 zuwa 23 ba, wato kilofaskal 80 zuwa 160. Ke nan lamba 110 na iya zama PSI na tirela, tana kuma iya zama kilofaskal na tarakta, wanda PSI 16 ne kacal. Wanda ya rikita su zai yi ƙoƙarin dura wa tayar tarakta ninki bakwai na abin da ya dace, kuma tana iya tarwatsewa tun kafin a kai can, alhali mai facin na tsaye a kanta. Wannan ne ya sa masu ƙera tayoyin noma ke rubuta gargaɗin kada a wuce PSI 35 a lokacin zaunar da taya a kan rim.

Wace lamba za a bi?

Direbobi da dama kan duba jikin taya, su ga an rubuta, misali, 44 PSI ko 300 kPa, su ɗauka cewa adadin da ya kamata a sa ke nan. Wannan lamba iyaka ce, wato matsin da bai kamata a wuce shi ba yayin da tayar take a sanyaye. Kamfanin tayar bai san motar da za a ɗaura ta a kai ba.

Adadin da ya dace na kamfanin motar ne, domin shi ya san nauyinta da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya. Ana samunsa a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai kamar yadda yake a motocin Volkswagen da dama, ko kuma a littafin motar. A yawancin ƙananan motoci yakan kama daga PSI 28 zuwa 36.

Takardar motocin Turai takan nuna layi biyu: ɗaya na mutum biyu ko uku, ɗaya kuma na mota cike da fasinja da kaya. Motar hayar da ke jigila tsakanin Bici da Kano kusan kullum a cike take, don haka layi na biyu ne ya shafe ta.

A ƙananan baburan Indiya, adadin da aka saba gani shi ne PSI 25 a gaba, 28 a baya idan mutum ɗaya ne, 32 kuma idan da goyo. Siririyar tayar safaya da ke zuwa da wasu motoci ita ce ta fita daban, domin PSI 60 take sha, wanda ake rubutawa kilofaskal 420, kuma ba a yi ta don doguwar tafiya ba.

Tsakanin hunturu da bazara

Iska na ƙara matsi idan ta ɗumama, tana ragewa idan ta huce. A tayar ƙaramar mota, kowane digiri 10 na ma'aunin Salshiyas kan sauya matsin da kimanin PSI ɗaya da rabi, wato bar 0.1.

A ƙasar Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da asubahin hunturu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, a tsakiyar ranar watan Afrilu kuma zafi kan kai digiri 40. Tayar da aka sa wa PSI 32 a yanayin digiri 15 za ta nuna kusan 36 a yanayin digiri 40, ko da motar ba ta motsa ba. Wadda aka sa wa 32 da tsakar rana mai zafi kuwa za ta koma kusan 28 idan sanyi ya sauka.

Saboda haka ne duk adadin da kamfanoni ke bayarwa na taya mai sanyi ne, wato wadda ta huta aƙalla sa'o'i uku, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Motar da ta taso daga Katsina ta tsaya a Bici tayoyinta sun riga sun ɗauki zafi, kuma gejin zai nuna ƙarin PSI 4 ko fiye. Wannan ƙari ba laifi ba ne, masu ƙera tayar sun san da shi.

A nan ne wata al'ada da ta yaɗu tsakanin direbobi ke yin ɓarna, wato rage iskar taya a lokacin zafi wai don kada ta fashe. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta kan riƙa lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi. A gudun kilomita 100 a sa'a, tayar ƙaramar mota na juyawa kimanin sau 14 a daƙiƙa guda. Kamar yadda waya ke ɗaukar zafi idan ana ta lanƙwasa ta, haka robar ke ɗaukar zafi, har manne da ke tsakaninta da wayoyin ciki ya saki. Ke nan maganin da aka yi ya zama shi ne cutar.

Cika iska fiye da kima ma na da nasa lahani. Filin da tayar ke taɓa titi yakan ragu, riƙon titi da ƙarfin birki su raunana, tsakiyar tayar ta riga gefe cinyewa, sannan idan ta faɗa rami ko ta daki dutse ta fi saurin yagewa.

Iska ba ta maganin lodi

A lokacin kaka, ba abin mamaki ba ne a ga akori-kura ko ƙaramar mota ta taso daga ƙauye da buhunan hatsi har saman rufi, an kuma ƙara wa tayoyin baya iska domin su ɗauka. Gaskiya ne cewa ƙarin iska na ƙara wa taya ƙarfin ɗaukar kaya, amma zuwa wata iyaka.

Iyakar tana rubuce a jikin tayar. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lamba 91 na nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, harafin H kuma na nufin iyakar gudunta kilomita 210 a sa'a. Tayoyin baya biyu ke nan kilo 1,230, kuma wannan ya haɗa da nauyin bayan motar kanta. Buhu 10 na masara mai kilo 100 tan guda ne. Duk iskar da za a dura ba ta sauya lamba 91.

Shekarun taya ma na rubuce. Lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha jan hankalin direbobi da su ɗauki shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, wasu manyan kamfanonin taya kuma na cewa a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma ko da ba ta cinye ba.

Darasi daga ƙetare da gida

Duniya ta ga tasirin 'yan lambobin nan a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, bayan da fatar tayoyin ta riƙa ɓarewa ana cikin gudu. Hukumomin Amurka sun danganta mutuwar mutane 271 da lamarin. Matsalar ta fi tsanani a wurare masu zafi, ciki har da Saudiyya da Venezuela da jihohin kudancin Amurka.

Bincike ya gano aibi a ƙirar tayoyin, amma batun iska na daga cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai. Ford ya umarci masu motar su sa PSI 26, Firestone kuma ya ce 30 ya fi dacewa. A awon bar, tazarar ba ta wuce 0.3 ba.

Sakamakon haka majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci, daga watan Satumban 2007, su kasance da na'urar da ke kunna fitila a gaban direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin 100. Tarayyar Turai ta bi sahu a kan dukkan sababbin ƙananan motoci daga watan Nuwamban 2014. Motoci da yawa masu wannan fitila sun iso Najeriya, sai dai fitilar ba ta kamawa sai giɓin ya riga ya yi yawa: a tayar PSI 32, sai ta sauka zuwa 24.

A cikin gida kuwa, hankalin jama'a ya karkata ga batun taya bayan rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga watan Maris na 2016. Rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ya nuna cewa tayar baya ce ta fashe, motar ta ƙwace. Daga bisani hukumar, wadda aka kafa a 1988, ta ƙara ƙaimi wajen wayar da kan direbobi da masu faci game da taya.

Asarar da ba a gani

Ko da taya ba ta fashe ba, ƙarancin iska na cin kuɗi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane PSI ɗaya da ya ragu a tayoyin mota baki ɗaya na rage nisan da litar mai ke kai ta da kimanin kashi 0.2 cikin 100.

A bisa wannan ƙiyasi, wanda ya rikita bar 2.2 da PSI 22 yana asarar kusan kashi 2 cikin 100 na mansa. Ga direban hayar da ke shan lita 30 a rana, lita 18 ke nan a wata. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba adadin da direba zai yi wa kallon banza ba ne, balle a haɗa da tayar da gefenta zai cinye tun kafin lokacinta.

Taya kuma tana rage iska da kanta ko babu huji, kimanin PSI ɗaya ko biyu a wata. Ido ba ya gane wannan, haka ma danna ta da yatsa ko dukan ta da ƙarfe, domin tayoyin zamani masu wayar ƙarfe kan yi kama da cikakku ko da sun rasa rubu'in iskarsu.

Abin da ya rage ga direba da mai faci

Shawarar masu ƙera motoci da tayoyi ba ta da tsawo. A nemo adadin da ke jikin motar, a lura da haruffan da ke biye da shi, a juya shi zuwa ma'aunin da ke kan gejin da za a yi amfani da shi, sannan a rubuta amsar a wurin da za a riƙa gani. Lissafi ne da ake yi sau ɗaya ga kowace mota.

A riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin doguwar tafiya, da safe kafin mota ta fita, har da tayar safaya. Idan dole ta sa aka auna taya mai zafi, kada a rage mata iska. Murfin bawul ma na da amfani, musamman a lokacin ƙurar hunturu, domin yana hana datti shiga ya sa bawul yoyo.

Geji kansa na iya yin ƙarya, musamman wanda ya sha faɗuwa ko wanda allurarsa ba ta komawa sifili. Haka kuma gejin da ke jikin tankin injin bayar da iska matsin tankin yake nunawa, ba na taya ba. Direban da ya mallaki ɗan ƙaramin geji nasa zai iya gwada shi da na mai faci, idan suka saɓa da fiye da PSI biyu a nemi na uku ya raba gardama.

Idan kuwa ƙaddara ta sa taya ta fashe ana cikin gudu, jami'an kiyaye haɗurra na gargaɗin kada a taka birki da ƙarfi. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta ƙafa daga totur a hankali, a bar motar ta rage gudu da kanta kafin a gangara gefen hanya.

Ga masu faci, waɗanda yawancinsu a hannun iyayen gidansu suka koyi sana'ar, jerin lambobi goma da aka manna a jikin injin iska ya isa ya raba su da rikicin ma'auni. Ƙungiyoyin direbobi a tashoshin mota da makarantun koyar da sana'a, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin na Bici, na da damar isar da wannan ilimi ga waɗanda rayukan fasinjoji ke bi ta hannunsu a kowace rana.